Manta-Uwa

A Dass, bayan ɗakin da aka haife ni,
akwai rabin tulu rataye a wuyan tsamiya.
Babu ƙasa a ciki. Gawayi ne da ɓawon itace,
da saiwoyi farare masu miƙewa sama
kamar suna da tambaya.
Manta-uwa ce. Ta girmi mahaifina.

Kakana Jatau ya yi wa wani Bature aikin lambu,
wanda 'yan gari suka raɗa wa Mai-Madubi,
don ba ya gaida fure sai ya ɗora masa gilashi.
Bai damu da albasa ba, bai damu da rama ba.
Abin da ke maƙale a saman giginya yake so,
da wanda ke ɓuya a tsagin Dutsen Mbula,
inda ko akuya sai ta yi shawara.
Shi yana ƙasa da littafi,
Jatau yana sama da wuƙa a haƙora.

Sule biyu kowace saiwa.
Tabon haƙarƙarinsa kuwa gyara ne.

A jera su a akwatin katako, a yayyafa ruwa,
mota ta kai Jos, jirgi ya kai teku.
Cikin goma, in ji shi, ɗaya ke isa da rai.
An ce can ɗakin gilashi aka gina musu,
ana hura wuta don su zaci gida ne,
aka sa musu suna dogo kamar igiyar guga,
kuma a ƙarshen igiyar
ba sunan Jatau aka ɗaura ba.

Amma ido ya ga yadda ake yi.
Da Mai-Madubi ya tafi, ya bar masa almakashi da malafa,
Jatau ya zari tsinken tsintsiya,
ya ɗauko daga bakin mai ruwan ƙwai ta giginya,
ya sa a bakin mai duhun zane ta kan dutse.
Aure babu waliyyi, babu goro.
Irin ya fito, ya fi garin tuwo laushi,
ya busa shi a gindin uwar.
Shekara bakwai yana leƙawa.
Maƙwabta na cewa: Jatau, miya ake da ita?

A rani na bakwai ta buɗe.
Ruwan ƙwai ne da ɗigon damisa,
leɓenta fari kamar an tsoma a nono.
Babu irinta a dutse, babu a giginya.
Bai ce komai ba. Ya zauna ya sha taba.

Bayansa Goggo Kyallu ce ta riƙe ta
da ruwan wankin gero, jefi-jefi.
Takan ce: wannan tsohuwa ce mai zuciya,
in ka cika mata hidima sai ta yi fushi.
Mata kan zo neman ɗan yanki ranar yaye,
a jiƙa a ba yaro ya manta nono.
Ni ma an ba ni,
a shekarar da innata ta kwanta ba ta tashi ba.
Wataƙila maganin ya ci:
ban iya tuno fuskarta.
Sai dai an ce ita ta sake igiyar tulun,
kuma ƙullinta ne har yau,
ƙullin mai hagu.

Bara wani ya zo daga Abuja,
ya zagaye tsamiyar da waya yana ɗauka,
ya taya kuɗin babur sabo.
Na ce ya sha ruwa tukuna.
Ya sha, ya ƙara tayi, ya tafi.

Jiya Rahila ta kama hanyar Gombe, wajen sabon aiki.
Na ɗauko almakashin, ya yi tsatsa amma yana ci,
na raba mata sanda uku da saiwarsu.
Na sami murfin gwangwani da ƙusa,
na huda harafi biyar, ɗaya bayan ɗaya,
na ɗaura a jiki:
Jatau.