Birkin 'Yar Motar Gidado

Gidado ne ya aiko ta daga Ikko cikin kwali,
tayoyi huɗu, kamar an sa wa kyanwa takalman giwa.
Tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba,
amma in ta yi kuka, masu faci a bakin titin Jekadafari
sai sun ɗago kai suna neman babur ɗin da ya haukace.

Manta ma daban ne, ba fetur ba.
Naitiro, in ji takarda. Warinsa kamar alewa ta ƙone,
hayaƙinsa shuɗi, mai sa ido ƙwalla.
Ni da na shekara ashirin da biyu ina kwance babura
na durƙusa gabanta kamar sabon yaron shago.

Gudu kam ta iya, ba wanda ya koya mata.
Ran Asabar, a filin bayan Pantami,
na ja kunamar rimot, ta ɗaga ƙafafun gaba,
ta haye tulin yashi, ta diro tana gurnani.
Na tura yatsa, na ce tsaya.
Ta ji, ta yi kunnen uwar shegu.
Tiren awarar Adda Yelwa ne ya tsayar da ita.
Dubu uku na biya, har da kuɗin yaji.

Da dare, da fitilar waya a baki, na buɗe cikinta.
Ga faifan birkin, bai fi kwabon da faɗi ba,
ya sha man da salansa ke tofarwa,
ya yi santsi kamar sabulun da ya kwana a ruwa.
Fatu biyun da ke cafke shi sun yi ƙyalli, sun gaji.
Ɗan hannun da ke jan sandar kuwa, haƙoransa na roba ne:
an ba tsohuwa ƙashi an ce ta tauna.

Barde mai gyaran agogo ya ce, sa na ƙarfe, ba ya tsoron zafi.
Gidado ta waya ya ce, jera faifai biyu,
ka nemo hannu mai haƙoran tagulla, zan turo kuɗi.
Kuɗin har yau suna hanya.
Ni dai na yanko fata daga tsohon birkin babur,
na bi ta da magagari har ta zama siririya,
faifan ƙarfen na huda masa ƙofa shida, ya riƙa shan iska.

Na ɗaure noti tamau, don awara na raina.
Washegari da na taɓa birki
ta kafe, ta wuntsila, ta kwanta rigingine,
tayoyi na juyi a sama kamar buzuzun da aka kifar.
Yara suka yi ta tafi.
Ni ban yi ba.

Sai na sassauta. Rabin juyi. Kwata kuma.
Na zura katin waya tsakanin fata da faifai:
in ya shiga da ƙyar, ya fito da ƙyar, to nan ne.
Na cire sifirin, na sa guntun tiyon mai a gurbinsa,
don kamun ya zo a hankali,
irin na mai ɗaukar ƙwai daga ƙarƙashin kaza.

Jiya na kai ta bakin kwarin unguwarmu,
wanda kowace damina ke ƙara wa baki,
wanda ya haɗiye katangar gidanmu ta gabas
da bishiyar lemon da babana ya dasa.
Na sake ta, ta nufi ramin a guje.
Dija, 'yar autata, ta rufe ido da mayafi.
Saura taku uku a gaɓa, na tura yatsa.
Ta sunkuyar da kai, ta ja ƙasa, ta tsaya,
inji na huci, tsakuwa biyu suka gangara ƙasa su kaɗai.

Dija ta buɗe ido ɗaya. Baba, ba ni.
Na ɗora yatsanta a kan kunama,
na ce, ja yana nan, ba inda za shi.
Yau tura za ki koya.