Mai Duban Ɗinki

Ƙarfe biyu na dare a Zango,
wuta ta dawo bayan yajin da ta yi tun magariba.
Na buɗe baƙin allo, ba hoto, ba ado,
sai ɗan ɗigo yana ƙifta ido, yana jira in yi magana.
Na rubuta umarni layi guda, na danna.

Ba ya kunna manhajar.
Karanta ta kawai yake yi, fayil bayan fayil,
yadda Baba Kyari a rumfar dukawa ta Birni
yake jan babban yatsa a kan ɗinkin takalmi,
bai sa ƙafa ba, bai taka ƙasa ba,
ya ce: nan zai ɓalle kafin Sallah.

Kuskure arba'in da bakwai.

Ni da na kwashe wata uku ina gina ta
don masu famfon Garin Malam,
jarka nawa ta fita, dala nawa ta shigo.
Har na nuna wa Mutari a waya, ya ce madalla.

Layi na tamanin: ka raɗa wa abu suna,
ba ka ƙara kiransa ba.
Layi na ɗari da shida: ka buɗe ƙofa, ka tafi ka bar ta.
Na gyara ina tsaki, shayi ya huce a gefena.

Sai layi na ɗari biyu da tara:
ka raba kuɗi da yawan jarkoki.
In yawan ya zama sifili fa?

Na janye hannu daga madannai.
Wannan abu bai taɓa zuwa Damagaram ba,
bai tsaya a layin famfo ba tun asuba
yana sauraren bututu na tari, ba ɗigo.
Ni na tsaya, ina ɗan shekara tara,
igiyar jarka ta yanka min tafi.
Amma ni ne na manta akwai ranar da ba ruwa.

Ba komai na yarda da shi ba.
Ya ce layina ya cika tsawo, na ce haka nake magana.
Ya zargi wani sharaɗi, wai ba a bukatarsa.
Sharaɗin Inna Cima ne, da ake ɗaga wa bashi har ƙarshen wata.
Na rubuta masa a gefe: bar wannan, na san dalili.

Ladanin unguwa na gyara murya
na sake danna umarnin.
Ya yi ɗan jim, ya dawo da ɗigonsa, bai ce uffan ba.

Haka Baba Kyari yake yabo.
Ya ajiye takalmin a gefen tabarma,
ya miƙa hannu: kawo na gaba.