Gwiwar Lambros

Kowace Talata, kafin ƙararrawar coci ta buga tara,
sai in ji sandarsa tana ƙwanƙwasa dutsen ƙofa.
Lambros ne ya gangaro daga saman Tsepelovo,
hula a hannu, warin tumaki a riga.

"Likita Evanthia, gwiwar nan ce dai."
Gwiwar nan dai. Shekara uku muna fama da ita.
Na tura shi hoto Yannina, na matsa, na lanƙwasa,
ban ga komai ba sai tsufa,
tsufa kuwa ba a rubuta masa ƙwaya.

Duk da haka nakan ja kujera.
Nakan ɗumama tafina a jikin kofin shayi kafin in taɓa shi,
don Fotini, in ji shi, ba ta taɓa kai masa hannu mai sanyi ba.
Daga nan zance ya bar gwiwa
ya koma kan Fotini:
yadda take yanka burodi a jikin ƙirjinta,
da safar da ta fara saƙa masa,
ƙafa ɗaya da rabi, har yau tana kan taga.

A makaranta minti goma aka koya mini.
Tambaya, awo, takarda, na gaba.
Ba wanda ya gaya mini akwai ciwon
da sai ya ari sunan gwiwa
kafin ya iya sallama a ɗakin likita.

Sai ranar da jininsa ya dawo da wata magana.
Ba gwiwa ba. Can ciki, inda bai taɓa nunawa ba.
Na kwana ina wanke kalmomi,
in shanya, in ninke, in sake warwarewa.
Da safe ya zauna, na buɗe baki,
murya ta ƙi ni.

Shi ya dube ni, irin duban da yake yi wa hadari.
"Faɗi, 'yata. Na tsufa da tsoron labari."
Na faɗa. Ban rage ba, ban sa gishiri ba.
Ya daɗe yana juya hularsa.
"Zan ga haihuwar tumaki?"
Na ce ban sani ba.
Ya ce, "Madalla. Da kin ce e, da na canza likita."

Yanzu ni ke hawa.
Motata takan gaji a kwanar gada,
in ƙarasa da ƙafa cikin dusar ƙanƙara,
jaka a kafaɗa, allurar rage zafi a aljihu don kada ta daskare.
'Yarsa Vasso takan kira daga Stuttgart,
in riƙe masa wayar, in kau da kai wajen murhu.

Jiya ya rame har zobensa na yawo a yatsa.
Na durƙusa, na hura hannuna.
Ya ce, "Gwiwar nan ce dai,"
muka yi dariya, har tari ya tare shi.

Da ya lafa, ya nuna taga da haɓa.
"Kin iya saƙa?"
Na ce a'a.
"Ni ma haka. Ɗauko, zauna.
Ai ba mai jiran mu."

Mutum shida na jira na a ƙasa.
Na ɗauko. Na zauna.