Haƙarƙarin Laima

Motar Ukasha ta faɗa kwata a Tudun Wada.
Injin na kuka, tayoyin baya shiru.
Na kwance cikinta bisa faifai:
shaf ɗin, siriri kamar tsinken tsire,
ya rabu biyu.

Na zaga Sabon Gari har la'asar.
"Sayi sabuwa, Malam."
Albashi kuwa da saura.

Tsohuwar laimar Inna na bayan ƙofa.
Na zare mata haƙarƙari ɗaya,
na goge da magagari,
na haɗa da bututun biro,
gam ya manne min yatsu.

Ukasha ya danna rimot.
Ta tafi tana karkata hagu,
ta shige ƙarƙashin kujera.

Inna ba ta sani ba tukuna.
Damina saura wata biyu.