An Ɗinke Tela

Shekara talatin ina ɗinki a Jekadafari,
ban taɓa zaton akwai ranar
da ni za a shimfiɗe, a auna, a yanka ba.

Tsakuwa ce guda a cikin garau-garau.
Ƙas! Turmin hagu ya tsage.
Na cusa kanumfari, na shafa man zafi,
kwana uku ina ƙirga azarar ɗaki,
kunci ya tashi kamar na ɓoye goriba.
Babayo yarona ya ce, "Maigida, ko dai asibiti?"

Likitar ba ta girmi 'yata Dija ba.
Ta ɗaga hoton muƙamuƙina ga haske:
"Baba, saiwar ta lanƙwashe kamar ƙugiya.
Ba ta fita da ja, sai an tsaga."

Allura biyu. Leɓe ya zama na wani.
Ban ji zafi ba, ƙara na ji
can tsakiyar kai,
irin ta keke in ya taka zif.
Gida uku ta fito da shi,
ta jefa a tasa, ƙwal, ƙwal, ƙwal.
Sai na ga tana zura zare.
Na so in ce, "Sassauta hannu, kar ya tattare,"
auduga ta cika mini baki.

Kwana biyar kunun gyaɗa, shi ma sai ya huce.
Ba goro, ba tofi.
Ruwan gishiri safe da yamma.
Mai tsiren bakin layi na fifita wuta,
duk Gombe na ƙamshi,
ni ina rufe taga.
A masallaci da rabin baki nake cewa amin.

Harshe kuwa ba ya jin magana.
An ce kar ya je, can yake wuni,
yana lalube kamar mai neman allura a duhu,
yana ƙirga ƙulli: ɗaya, biyu, uku.
Shekara nawa suna saɓawa da marigayin,
yau shi ke zaman makoki.

Ranar da aka warware zaren
na wangame baki a madubin shago.
Ba tattara, ba gefen da ya fi gefe.
Na ce, "Babayo, ajiye almakashi,
zo ka ga aiki."

Jiya na tauna ƙuli-ƙuli ta dama, a hankali.
Yau na yanka mata farar rigar aiki.
Ban auna ta ba, ido ya ishe ni.
A bakin aljihun
sau uku na mayar da zare.