Riguna Biyu a Kan Igiya

An rufe kakar wasa ran Lahadi.
Litinin na ɗebo ruwa, na durƙusa bakin baho,
riguna ashirin da biyu, sabulu guda da ɓari.
Ni ne Nomau, mai wankin ƙungiya.
Shekara sha huɗu ke nan
ina gane ɗan wasa da warin zufarsa
kafin in duba lambar da ke bayansa.

Duk na ninke, na cusa a buhu,
sai biyu da na bari a kan igiya,
sha ɗaya da tara.

Sha ɗaya ta Agali ce.
Siriri kamar karan hatsi bayan girbi.
A cilla ƙwallo sama, ko'ina ta nufa,
kafin ta gama shawara da iska
yana can yana jiranta da ƙirji.
Wata huɗu bai ga albashi ba.
Ya ɗare bayan mota mai zuwa arewa,
wai ramin zinariya ba ya cewa "ka dawo jibi".
Takalmansa ya bar mini,
na hagun ya wangale baki.

Tara ta Arzika ce, rumbu mai ƙafafu.
Ba shi da gudu, bai taɓa cewa yana da shi ba.
Nasa dai ya juya wa 'yan baya ƙeya,
ya danne mutum biyu da kafaɗa guda,
ya kwantar da ƙwallo, Agali ya wuce.
In aka ɗago daga kusurwa kuwa,
goshinsa guduma.
Ranar da gwiwarsa ta tafi
daga benci na ji ƙarar, kamar an karya rake.
Yanzu yana awon albasa a Galmi,
yana ɗingishi tsakanin buhuna.

Jiya an zauna taro a rumfar kwano, Sabon Gari.
Alhaji Tankari ya zo da waya biyu,
yana nuna mana wani yaron Kwatano
da ke cin raga cikin allo kamar tafin hannu.
Ko'ina aka taɓa sai ya ci.
Wanda ya ɓarar, ba a ɗauka ba.
Jika ɗari takwas, in ji dillali,
ban da ɗaki, ban da fanka.
Asumana mai horarwa ya yagi takardar siminti,
ya rubuta layi biyu:
mai gudu ɗaya,
mai jiki ɗaya.
Ma'aji ya buɗe littafinsa, ya yi tari, ya rufe.
Shayi ya kai na uku, ba a sayi kowa ba.

Ni ba a tambaye ni ba.
Wa ke tambayar mai kumfa a hannu?

Da an tambaya, da na ce
akwai Illa a Bilbis, mai tallar ƙanƙara.
Na ga jaki ya tsinke da amalanke bakin Babaye,
yaron nan ya ba shi rata, ya kamo shi,
kular tana kansa, ba ta ko girgiza ba.
Akwai kuma wani ɗan dako a babbar kasuwa,
ban san sunansa ba,
ana jefo masa buhun shinkafa daga kamiyo
yana cafewa yana hira.
Ko ya san ƙwallo? Oho.
Arzika ma daga bakin rijiya aka ɗauko shi.

Damina ta sauka a Tawa.
Ciyawa ta fito a bakin raga,
daidai inda gola ya shekara yana tonawa da dunduniya,
awakin maigadi na yi mata aski.
Saura wata biyu a busa usur.

Hadari ya haɗo daga gabas,
bari in kwashe shanyata.
Sha ɗayan nan za ta shiga kowa,
yunwa ta cika gari da sirara.
Tarar ce damuwata.
In ba a samo ƙato ba kafin kaka,
sai in kai ta wurin Bizo tela ya rage,
ni kuwa hannuna ba ya so.