Takwas a Gefen Jirgi

Yuli ne a arewacin Minesota,
tafki ya yi ɗumi kamar ruwan wankan jariri.
Kakana Toivo ya kashe inji, ya ce,
"Ba a neman maski da tsakar rana, Helmi.
Sai asuba, ko in hadari ya haɗo."

Muka bi bakin ciyawa, inda zurfi ya soma.
Na jefa koto mai gashin barewa,
na naɗe, na jefa, na naɗe,
har kafaɗa ta ce ta gaji.
Wai jifa dubu goma ne kuɗinsa.
Ni ban ƙirga ba.

Sai ga inuwa bayan koto,
doguwa kamar filafili, ba ta gaggawa.
"Kar ki ɗaga! Tsoma sandar, zana takwas."
Na zana. Na sake, da faɗi.
Ido ɗaya ya dube ni,
kifi na ganinka mai jar koma,
ya nutse.

Kaka ya yi dariya har hularsa ta faɗi.
Ya nuna dutsen can mai gansakuka:
"Yau a ƙoshe yake. Amma mun san gidansa."

Muka juya, sauro na yi mana rakiya,
hannuna bai daina zana takwas a iska ba.